Tukunyar Gara

Shekarar da ɓarin jikina na hagu ya shanye, daga Kano aka kwaso ni aka zube a zauren gidanmu kamar buhun gyaɗa. Abokan dakon da muka yi shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya, ko mutum guda bai tako ba. Ba zan yi ƙarya in ce na manta ba. Likita ya ce in ba na tafiya kullum, ƙafar ta tafi ke nan. Na ce ta tafi ɗin, ina za ni?

Yayata da ke aure a ƙauyen gabanmu ba ta yi min wa'azi ba. Kaza ta kawo da 'yan tsakinta a kwando.

"Auta, ga amana. Gidana shirwa ta hana su sakat."

"Yaya, da furfurata zan yi kiwon kaji? Yaran garin sun ƙare ne?"

"Yara na da aikin yi. Kai ne zaune."

Tsaki da ruwa ba wuya. Daga tabarma nake watsa musu, in tura musu kasko da sanda. Amma Yaya ta ce ɗan tsako ba ya kumari sai da gara. Ta cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife a bayan danga. Da safe gara ta cika ta, sai a ɗauko a zazzage musu, da yamma a sake haɗawa a mayar. Matata kuwa ashe an haɗa baki da ita, lokacin ɗauko tukunya ne kullum aiki yake kama ta.

Kukan 'yan tsaki masu jin yunwa ya fi zagi ciwo. Haka na dinga jan ƙafa ina zuwa, ina mita.

Duk ranar kasuwar Ɗambatta Yaya takan biyo, ta ce garar wurin ta ƙare, ta ƙara gaba da tukunyar. Daga bayan danga sai gindin kuka, daga nan sai bakin gonar gero, har surin da ke ƙarshen gona.

Wata safiya ina dawowa da tukunyar na lura da dangarmu. Gara ta ci ta har ta karkace. Sandata ma a can suri na baro ta.

Da ta zo na tare ta. "Yaya, kin ce gara ta ƙare a nan!"

"To da wace ƙafar ka zagayo ka gani?"

Har yau ina ɗingishi, amma ni nake nome gonata. Bakina bai iya godiya ba. Duk Sallah dai nakan kama zakaran da ya fi girma in kai mata da ƙafata. Ta ɗaga shi, ta jinjina, ta ce, "Auta, wannan bai ci gara ba."