Ɗakin da Muka Jawo Daga Taura

Shekarar da aka ƙirƙiri sabuwar jiha aka turo mu Dutse, babban birninta, ban samu wurin kwana ba sai ofis. Mu shida ne a ɗaki ɗaya. Idan an tashi aiki mu ture tebura gefe mu shimfiɗa katifu, da safe mu naɗe mu cusa a bayan kabad kafin oga ya iso. Ba rowa ce ta sa ba, gidajen ne babu. Duk zauren da ke da ƙyaure a garin nan wani ya riga ya kama shi.

Mai ɗakina tana Kano a gidan iyayena, da cikin fari wata biyar. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci in hau bas, Litinin da sassafe in komo. Na gaji da hanyar nan har ramukanta na san su ɗaya bayan ɗaya a ƙashin bayana. Ita kuwa ba ta taɓa yi mini mita ba. Abin da take yi kawai, in na ɗauki jaka ranar Litinin, sai ta ce, "Malam, har yanzu babu ko ɗaki ɗaya?" In ce babu. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin nata shi nake tafiya da shi har Dutse, kuma ya fi jakar nauyi.

Ana nan sai wani a ma'aikatarmu ya tuna da wani ɗaki mai taya da ke yashe a wani fili a Taura. Wasu Turawa masu haƙa rijiyoyin burtsatse ne suka zauna a ciki, da suka gama aiki suka bar wa ma'aikata. Manya ba su so shi ba, don su gidan bulo suke jira. Oga ya ce in zan iya jawo shi, in kafa shi a bayan ofis ƙarƙashin darbejiya in zauna da iyalina. Ban tsaya tambayar yadda ake jan ɗaki ba, godiya kawai na yi.

Na je na gan shi. Fari ne a da, rana ta mai da shi ruwan ƙasa. Amma a ciki akwai gado, da wurin girki ɗan mitsitsi, da tagogi uku masu gilashi. Na auna tagogin da zare, na ƙulla kowane awo, na kai wa mai ɗakina. Rabon da in ga dariyarta irin ta ranar har na manta. Washegari ta aika aka sayo yadi mai ruwan ganye ta hau keken ɗinki, wai ba za ta zauna a ɗakin da ma'aikata za su riƙa leƙowa ba.

Wanda zai ja mana shi kawuna ne, wan mahaifiyata, mai a-kori-kura. Ya daɗe a kan titi, kuma mutum ne da ba a gyara masa magana. Tun ranar Juma'a ya kai motar Taura, mai walda ya ɗaura mata kan ƙarfen da ake maƙala ɗakin a jiki, wanda muka tarar a ƙarƙashin gadon. Asabar da hantsi muka taru a filin.

A wuyan ɗakin, wato dogon ƙarfen da ke miƙowa gaba ya kama mota, akwai wani ɗan farantin ƙarfe da zane da rubutun Turanci. Na goge shi da hannun riga na karanta. Ashe ba maƙalawa kawai ake yi a tafi ba. Akwai sandunan ƙarfe biyu da ake zura kawunansu a ƙarfen da ke jikin motar, su miƙe baya ƙarƙashin wuyan ɗakin, sannan a ɗage wutsiyoyinsu da sarƙa a ɗaure. Aikinsu irin na hannayen baro ne: in ka ɗaga su nauyi ya koma kan tayar gaba. Da su ne nauyin ɗakin ke rabuwa, ba ya tarar wa bayan mota shi kaɗai. Ga sarƙoƙin nan suna reto, amma sanduna babu.

Na tambayi dattijon da ke gadin filin. Ya ce, "Au, waɗannan ƙarafan?" Ya shiga bukkarsa ya fito da guda, bakin ƙarfen ya yi ƙyalli saboda da shi yake haƙa ramin dirkar shinge. Na ce, "Baba, ɗayan fa?" Ya ce, "Ai ɗayan maƙeri muka kai wa tun daminar waccan. Kai, Malam, ƙarfe ne na gaske. Fartanya biyu aka fitar da gatari." Ya koma ya ɗauko fartanyar ya nuna mini da alfahari, ya ce har yau ba ta taɓa lanƙwasa ba. A ƙauyukanmu ƙarfe mai kyau ba ya zaman banza shekara biyu. Na yaba fartanyar na miƙa masa abarsa. Sanda guda kuwa ba ta da amfani, gefe ɗaya za ta riƙa ja.

Aka maƙala ɗakin haka nan. Yana sauka a kan ƙarfen sai bayan motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga sama kamar akuya na miƙa wuya ta ci ganye. Kawu ya shiga ya juya sitiyari da yatsa ɗaya, ya fito yana tsaki. Ko shi ya san tayoyin gaba ba su kama ƙasa yadda ya kamata ba.

Muna cikin wannan sai ga mutane. Labari ya zaga gari cewa ɗaki guda zai tafi Dutse wayam, ba kowa ba komai a ciki. A lokacin nan kuwa da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko miji ko suruki da aka kwasa zuwa Dutse, yana can yana cin burodi da shayi. Wata tsohuwa ce ta fara zuwa, an turo mata buhun gero a amalanke, ta ce na ɗanta ne masinja. Sai buhunan shinkafa biyu. Sai gawayi, sai turmi, sai jarkar man gyaɗa. Wata mata har da dutsen niƙa, wai 'yarta ta bi miji kuma injin markaɗe ya yi musu nisa. Kowa ya zo sai ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini addu'ar zama lafiya a sabon ɗaki, sannan ya ajiye kayansa. Wa zan kalli idonsa in ce a'a? A wurinmu wanda ya tafi da mota babu kaya ya ƙi ɗaukar saƙon tsohuwa, har jikokinsa sai an ba su labari.

Kawu ya tsaya yana kallon tulin kayan, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ga maganin abin ya zo da ƙafarsa. A kai komai can ƙarshen ɗakin, bayan tayoyi." Samari suka shiga jida. Kowane buhu aka ajiye a wutsiyar ɗakin, wuyansa sai ya ɗan ɗaga, bayan motar ya ɗan miƙe. Da aka ɗora dutsen niƙa motar ta tsaya sambal. Mutane suka ɗauki shewa. Wani ya ce wallahi direban nan ya fi Bature dabara.

Ni kuwa na riga na karanta layin ƙarshe na farantin nan. Cewa ya yi kaya masu nauyi a gaban tayoyi ake sa su, kada a kuskura a tara su a baya. Na matsa kusa da Kawu na yi ƙasa da murya na gaya masa. Bai yi ƙasa da tasa ba. Ya ce, "Ɗan nan, kai a takarda ka karanta mota, ni tuƙa ta na yi. Lokacin da na kama sitiyari uwarka ko lalle ba a sa mata ba." Aka yi dariya, har da ni. Ɗakina ne, matata ce ke jira, ni ne kuma na iya karatun, amma kunyar musu da kawu a gaban jama'a ta fi ƙarfina. Har yau in na tuna dariyar nan tawa haushin kaina nake ji.

Daga Taura zuwa Gujungu a hankali muka tafi, lafiya lau. Kawu har yana tsokanata, yana tambaya ko takarda ta ce a tsaya a sha ruwa. Da muka wuce Jahun titi ya yi kyau, rana ta take, ya ƙara wuta. Na riƙa leƙa madubi ina ganin ɗakin yana ɗan rausaya, dama, hagu, kaɗan kaɗan. Sai wata babbar mota ta taho ta wuce mu da iskarta.

Abin da ya biyo baya bai kai a karanta Fatiha ba. Ɗakin ya kaɗa dama, ya dawo hagu da ƙarfin da ya fi na farko, ya fara jan bayan motar yana wurgi da mu. Kawu ya taka birki, abin ya ƙara lalacewa. Na ji salatinsa, na ji nawa, sannan na ji ƙarar ƙarfe ya tsinke. Da ƙura ta lafa motarmu tana tsaye a tsakiyar titi tana kallon inda muka fito, ɗakin kuma yana kwance a kwari, tayarsa ɗaya na juyawa a sama.

Ko ƙwarzane ba mu yi ba. Amma ɗakin ya gama yawo. Ashe bangonsa ɗan siririn gwangwani ne da falanki, dutsen niƙan nan ya fasa ya fita ta gefe, rufin ya tsage, jarkar man gyaɗa ta ɗan tsiyaye ta jiƙa gadon. Tagogi ukun da na auna da zare babu wadda ta tsira.

Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka fito suka taimaka. Ban samu ko zama in yi baƙin ciki ba, don geron tsohuwa ya watse a cikin yashi, kuma amana ce. Haka na wuni tsugune a rana ina tattara hatsin mutane da tafin hannu, matan ƙauyen suna sheƙe mana da faifai. Da la'asar muka loda saƙonni a bayan a-kori-kura. Kafin magariba kowa ya karɓi nasa a Dutse, har mai dutsen niƙa, wanda ko gefensa bai ɓantare ba. Ni kaɗai ne nawa bai iso ba.

A hanya, wajen Kiyawa, Kawu yana ta tuƙi, idonsa a kan titi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Me ma takardar nan ta ce?" Na ce, "Ba komai, Kawu. Ƙaddara ce." Na gaji ƙwarai, kuma faɗin ba zai tayar da ɗakin ba.

Ranar Juma'a na isa Kano na tarar ta goge labule uku ta ninke a kan gado, akwatunanta biyu a ɗaure a bakin ƙofa. Na zauna na gaya mata komai, har da dariyar da na yi. Ta tambaya ko wani ya ji rauni, na ce a'a. Ta yi hamdala, ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta fara kwance igiyar akwati. Ko "to" ɗin ba ta ce ba a ranar. Bayan kwana biyu ta warware labulen ta haɗe su, suka zama zanen goyo. Da shi aka goyi 'yarmu ta fari har ya koɗe.

Sai da na ƙara shekara huɗu a kan hanyar Kano kafin a ba ni gida a rukunin da gwamnati ta gina. A lokacin yarinyar ta iya magana sarai. Mun tare ranar Asabar. Litinin da safe ta jawo mini jakata har bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta ɗaga mini hannu, ta koma wasanta. Da aka tashi aiki na dawo gida da ƙafa, tafiyar da ba ta kai a gaji ba, na yi sallama. Tana ganina sai ta tsaya cak, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta, ta leƙo tana dubana. Sannan ta ja zanen uwar ta ce, "Umma, yau Juma'a ce?"