Inna Sahura da Saƙonnin Abijan

Ku gyara zama, yau labarin maƙwabciyarmu zan ba ku. Duk wanda ya saba bin hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi a cikin kar, babbar motar fasinja, ya san Inna Sahura, ko bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin titin Kore Mairuwa, ƙarƙashin bedi, bishiyar da wasu ke kira dogon yaro, wadda ba ta rowar ƙuli-ƙuli a cikin zogalenta. Tun tana amarya take miƙa wa matafiya abinci ta taga. Ta san direban da ke gudu, ta san wanda ke tsayawa salla. Amma ita kanta, in ka cire Tibiri da Doso, ƙafarta ba ta taɓa taka ko'ina ba.

To, a shekarun nan kafin korona ta rufe hanyoyi, autarta Basira, wadda aure ya kai Abijan, ta sami cikin fari. A wurinmu mai cikin fari gida take dawowa, uwarta ta dafa mata ruwan wanka da ganyen bedi, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Sai likita ya hana Basira doguwar tafiya. Ta kira a waya tana kuka: "Inna, wa za shi yi mani wanka? Nan ban da kowa sai dangin miji." Inna ta ajiye wayar, ta kife kwanon kopto, ta ce ita za ta tafi.

Babban ɗanta Rabilu, ustazu ne mai shagon kayan waya a Dogon Dutsi, shi ya zo ya tsara hanya. Kar zuwa Yamai, wata kar zuwa Wagadugu, daga nan jirgin ƙasa har Abijan, don a jirgi za ta iya miƙe gwiwarta mai ciwo. Shi ba zai iya barin shago ba, saboda haka ya zaunar da ita a kan tabarma yana yi mata bayani kamar mai wa'azi.

"Inna, jirgin ƙasa ba kar ba ne. Ba shi jiran kowa."

"Ko an ce mashi tsohuwa na alwala?"

"Ko liman ne."

"To lalle direban nan ba a yi mashi tarbiyya ba."

Sharaɗinsa biyu ne. Kaya kada su wuce abin da za ta iya ja da hannunta, kuma kada ta yi sallama da kowa. Ya san garinsu. A Kore Mairuwa babu gidan da ba shi da ɗa a ci-rani, kuma ba a jin mutum zai yi tafiya a bar shi ya tafi hannu sake.

Sharaɗin farko ta ce ta ji. Na biyun kuwa ta dube shi sama da ƙasa. "In na mutu bisa hanya fa, ɗan nan? In tahi ban nemi gahwarar mutane ba? Wace aya ta ce haka, kai da ka sha karatu?" Dole Rabilu ya ƙyale ta.

Washegari ta yafa mayafi ta shiga gari gida gida. "A yahe mani, zan tahi wajen ɗiyarku." Kowa ya yafe, kowa ya yi addu'a, kowa kuma ya ce, "Tsaya Inna, ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi." Kafin la'asar tsakar gidanta ya koma kasuwa: ƙullin gero, kilishi, soyayyar fara, zuma a gora, hular da wata ta saƙa wa mijinta, har da zabuwa mai rai an ɗaure mata ƙafa tana ta ihu. A gefe kuma ga nata kayan, kanwa da yaji, da ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ta gada wajen uwarta, wadda a ciki aka dafa ruwan wankanta na haihuwar Rabilu.

Da Rabilu ya dawo ya ga tulin, bai yi faɗa ba. Ya zauna ne kawai a bakin rumbu. "An fasa tahiya, Inna." Ba wasa yake ba. Abin da ke cin ransa Wagadugu ne: a sauke tsohuwa a tashar mota da wannan kaya, ba Faransanci, ba Mosanci, ga tashar jirgi can wata unguwa. Gara Basira ta yi kuka da a ce uwarsa ta ɓace a ƙasar mutane. Inna ta ce saƙon da aka karɓa ba a mayar da shi, ya ce to shi ma biye, wato tikitin tafiya, ba zai yanka ba.

Ana cikin haka sai ga Claire ta yi sallama. Kirista ce, katanga ɗaya ta raba su, shekara da shekaru naman layya na tsallaka mata, shinkafar Kirsimeti na tsallako wa Inna. Tana riƙe da ɗan ƙullin daddawar batso na ƙanenta Obadiya, kafinta a Wagadugu. Da ta ga fuskokinsu sai ta soma ɓoye shi a bayanta.

"Kawo nan, marowaciya," in ji Inna. "Mi kike ɓoyo? Shi Obadiyan, ina zan same shi?"

"Ke za ki neme shi? Shi za shi zo tasha mana. Wa ya taɓa jin mai saƙo ya bi gari yana cigiya?"

Inna ta juya ƙullin a hannu. Ai kuwa haka ne. Wanda aka yi wa saƙo shi ke zuwa tasha, kuma ba ya karɓa ya juya. Sai ya gaida mai saƙo, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya, ya ɗauki kayanta ya kai ta inda za ta. Ta miƙe da gwiwar nan tata, ta soma rarraba tulin: wannan na Yamai, wannan na Wagadugu, wannan na Abijan.

"Ustazu, ɗauko wayarka. Kira su duka."

Ya kira yana ƙunƙuni. Ɗan'azumi mai gadi a Yamai, wanda zabuwa tasa ce, ya ce in bai kwana da Inna a gidansa ya sa ta kar da hannunsa ba, uwarsa ta tsine masa. Obadiya ya ce ko don daddawar nan zai rufe shago, sai ya ga jirgi ya tashi da ita. Na Abijan kuwa har gardama suka yi a kan wa zai kawo mota. Kafin ya gama kira Rabilu ya soma dariya, amma ya ce duk da haka kayan sun yi yawa, dole a rage abu guda mai nauyi.

Na mutane ba ya taɓuwa. Inna ta daɗe tana duban tukunyar uwarta. Sai ta ja ta zuwa ɗaki, ta kife, ta ce wa Claire, "Ki riƙa leƙa mani ita. Kada kaji su mayar da ita gida."

Haka ta tafi, kaya na raguwa tasha tasha, mutane na ƙaruwa. Ta iske Basira da cikinta ba ta haihu ba tukuna, sai da suka yi kwanaki tare kafin jaririya ta zo. Ruwan wanka a tukunyar kasuwa aka dafa shi, wadda har yau Inna ke cewa ba ta riƙe zafi, amma da hannunta ta yi wa autarta wanka har arba'in, kuma abin da ya kai ta ke nan.

Yanzu ta koma ƙarƙashin bedinta. In kar ta tsaya direba na matsa oda yana hanzarta masu saye, sai ta ci gaba da zuba ƙuli a hankali, ta ce masa, "Kai ɗan nan, dakata. Jirgin ƙasa kaɗai na sani ba shi jira, shi ma saboda ba ɗan garin nan ba ne."