Maganin da Yaya Dinanat ya ba kogi

Yayana Dinanat mai guga ne a unguwarmu a Kanpur ta ƙasar Indiya. Tun yana saurayi yake shaƙar hayaƙin gawayin dutsen guga, har abin ya zame masa asma. In ta tashi, daga ɗakina nake jiyo ƙirjinsa yana kuka kamar ɗan kyanwa. Mutumin kirki ne, amma wajen taurin kai ba a magana.

Bayan rasuwar matarsa ya fara zuwa filin unguwa da sassafe, inda wani tsoho, Guru Ramadhar, yake koyar da horon numfashi na yoga. A toshe hanci ɗaya a ja iska, a sake ta ta ɗayan. A rufe baki a yi ta kukan zuma a maƙogwaro. Da farko dariya nake masa, daga baya na kama bakina. Barcinsa ya gyaru, hankalinsa ya kwanta, yana hawa bene da ƙunshin kayan mutane ba ya tsayawa haki.

To, daɗi ne ya ɗebe shi. Ranar da muka je wanka a kogin Ganga, mutane na jefa furanni da kwakwa, shi sai ya zaro maganinsa na shaƙa ya wurga a ruwa. Wai ya yi wa Uwa Ganga alkawari in ya samu sauƙi zai ba ta abin da ya fi dogara da shi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya ce in dubi Guru, ya tsufa tukuf amma iska kaɗai ta riƙe shi. Na sayo wani, ya mayar wa mai kemis, wai ba a ƙwace kyautar da aka ba kogi.

Washegarin bikin Diwali gari ya tashi da hayaƙin wasan wuta, ko'ina warin albarushi. Na hana shi fita, ya fita. Na yafa mayafi na bi shi filin.

Ko zama bai gama yi ba asmar ta kama shi. Ya dafa gwiwa, kafaɗunsa na sama da ƙasa, iska ta ƙi wucewa. Abokansa suka yanyame shi, kowa ya zama likita. Wani ya ce ya yi numfashin nan mai ƙarfi da ake fizgar ciki, wai yana wanke huhu. Ya gwada kuwa! Nan take leɓensa ya fara duhu. Na ruga kemis, a rufe saboda biki. Na dawo ina kuka, na tabbata gawa zan tarar.

Na iske Guru ya kori kowa, ya durƙusa a gabansa, ya sa shi sakin iska a hankali ta tsukakken baki. Yaya ya daina fizge-fizge, amma ƙirjin bai buɗe ba. Sai tsohon ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da maganin shaƙa, irin na Yaya sak, har ya koɗe don amfani. Ya girgiza shi ya sa masa a baki.

Muka tsaya muna sauraron ƙirjinsa har kukan ya fara lafawa. Da ya iya ɗaga kai, ba mu ya kalla ba, abin da ke hannun Guru ya ƙura wa ido.

“Tun ina yaro nake da asma,” in ji Guru. “Numfashin yana hana ni firgita, yana sa ta jima ba ta zo ba. In ta zo kuwa, wannan nake nema. Wa ya ce maka ka jefar da naka?”

Daga nan asibiti muka wuce da shi.

Har yau da sassafe yana filin yana kukan zumarsa, maganin na rataye a wuyansa da zare. Da muka koma Ganga bana, kwakwa ya kai mata.