Takardar Mutuwar Garba Walda

In ka san Gyadi-Gyadi ka san Haruna Taifis, siririn nan da ke buga wa ɗaliban asibitin koyarwa takardu a kwamfuta. Mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba. Wansa Garba kuwa tsohon ɗan daba ne, ya tuba shekarar da sojoji suka koma bariki, ya kama walda a Tarauni. Haruna a duniya bai ga namiji kamar wan nan nasa ba.

A 2003 wani ɗalibi ya saka masa wasa a kwamfutar. Babu hoto, haruffa ne zalla: kai harafi, dodo harafi, kana gangarawa ƙarƙashin ƙasa kana sara. In an kashe ka shi ke nan, ba dawowa. Sai wasan ya rubuta maka takardar mutuwa: sunanka, makaminka, duk wanda ka kashe, da wanda ya gama da kai. Kowane jarumi Haruna ya ɗauka, Garba Walda yake sa masa. Dodannin kuma, don shaƙiyanci, ya riƙa laƙaba musu sunayen 'yan dabar Unguwa Uku da suka addabi jama'a lokacin kamfen. Ya buga takardar, ya karanta, ya sheƙe da dariya, ya jefa a kwali. Kwalin nan kuwa Lawan mai tsire ne ke kwashe shi duk Juma'a, yana naɗe tsire da takardun. Sakarci dai, wallahi, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ana saura mako zaɓe aka tsinci gawar Shehu Kunama, shugaban dabar, a kwata, an rotse masa kai. Mutanensa suka haukace da neman wanda ya yi. Kwana uku tsakani ɗayansu ya sayi tsire, ya warware takarda, kuma shi ya ɗan taɓa sakandare. Ga shi nan da Turanci: Garba Walda ya kashe Shehu Kunama da gatari. Ɓeraye da macizan da ke ƙasan jerin, waɗanda za su nuna wasa ne, maiƙo ya cinye su. A wajensu, abin da kwamfuta ta buga ai daga ofishin 'yan sanda ya fito.

Da rana tsaka suka dira garejin Garba, su takwas. Garba ya wawuri rodi ya karya wa na gaba haƙarƙari, ya fasa bakin na biyu. Suka taru suka danne shi a kan teburin ƙarfe, suka miƙar da hannunsa na dama. Sara uku aka yi da adda kafin hannun ya rabu. Jini ya yi tsartuwa har kan ƙyauren da yake haɗawa. Suka liƙa masa takardar a ƙirji suka watse.

Haruna ne ya fara isowa. Ya ɗaure dungulmin da igiyar wuta, ya ɓanɓare takardar ya duba. Layin da firintarsa ke ja yana cin gefen hagun kowace takarda ya gani. Ya cusa ta a aljihu, sannan ya tare mota.

Garba ya rayu, walda ta ƙare. Haruna ya goge wasan, bai ƙara dariya irin ta da ba. Ya ɗauko wansa ya dawo da shi gidansa, ya aurar masa da 'ya'ya mata biyu, kuma yau shekara ashirin da ɗoriya shi ke ɓalla masa maɓallan riga kowace safiya. Unguwa na ta sa masa albarka, kowace albarka kuwa ƙona shi take yi.

Bara da sallah, yana gyara masa wuyan riga, Garba ya ce, "Ƙanena, na yafe wa masu addar nan tuntuni, ƙwaya ce ta kora su. Amma munafukin da ya zauna da hankalinsa ya rubuta sunana, shi kam sai mun tsaya gaban Allah."

Takardar na ƙasan akwatin Haruna, taku uku daga inda suke tsaye.

"Ɗaga haɓarka, Yaya," in ji Haruna, "saura ɗaya."