Bishiyar Bangon Falo

Duk wanda ya shiga falon Malama, sai ya kalli bango kafin ya gaishe ta. Wata ƙatuwar bishiya ta zana tun daga ƙasa har rufi, kowane reshe da dabbarsa. Tun da ta yi ritaya daga koyar da ilimin halittu take wannan aiki, tana jera dabbobi dangi-dangi, tana bin diddigin inda zuriyar wannan ta rabu da ta wancan. Jemage ta cire shi daga cikin tsuntsaye ta kai shi wajen masu shayarwa. Kada kuwa kusa da kaza ta ajiye shi, ƙadangare na can gefe. Ka kuskura ka yi dariya, ka shiga uku! Shayinka zai huce tana yi maka bayanin ƙashi da ƙwai.

Da idonta ya fara dushewa, ko a jikinta. Ta ajiye burushi ta ɗauki ƙusa, tana bin reshe-reshe tana karce siminti, don hannu ya gane abin da ido ya kasa.

Babban ɗanta, wanda take kira Yallaɓai don tsiya, kunyar bangon nan yake ji kamar me, ga surukansa na shirin kawo ziyara.

"Mama, don Allah a shafe. Mutane za su ce ba mu da hankali."

"Su ce mana! Bangonsu ne? Na ga mai taɓa shi!"

Ai kuwa ranar da aka kwantar da ita asibiti don aikin ido, ya kira mai fenti. Haba Yallaɓai, wannan ai cin amana ne.

Aikin idon bai yi ba. Ta dawo gida ba ta ganin komai sai hazo-hazo, Yallaɓai na riƙe da hannunta. Tun daga ƙofa warin fenti ya gaya mata komai. Ranta ya ɓaci matuƙa, amma ta ƙi yin kuka a gabansa. Ta fizge hannunta, ta lalubi kujera, ta lalubi bango. Fari ne tas, sumul, sai can yatsanta ya faɗa cikin wani siririn layi. Ta bi shi sama a hankali.

"Ga kada," in ji ta. "Ga kaza kusa da shi, inda na bar ta. Ga jemagena."

Yallaɓai ya sunkuyar da kai. "Mama, ki yi haƙuri. Na ɗauka tunda ba za ki ƙara gani ba..."

"Au, har ka riga likita yanke hukunci?"

Ita ko ba ta ko juyo ba, hannu ɗaya na kan reshe, ɗayan ta miƙa masa.

"Ƙusata na kan taga, miƙo min. Ban gama da macizai ba."