Wuƙaƙen Baba

Mahaifina mahauci ne. Da ƙuruciyarsa ya biyo ayarin fatake daga Arewa, ya zauna a Zangon Akra, ya tsufa yana sayar da nama. Lokacin da gigin tsufa ya kama shi ina gidansa da jaririyata, domin mijina ya shiga jirgin ruwa da goro zuwa Ikko.

Sunayenmu ya fara mantawa, daga baya hanyar masallaci. Amma kullum bayan asuba sai ya zauna bakin dutsen washi ya jera wuƙaƙensa. Ƙarar washin kan sa matan ƙabilar Ga da ke kawo mana kifi su tsaya daga ƙofa, su ƙi shigowa.

Yayana ya kwashe wuƙaƙen ya ɓoye. Baba bai yi faɗa ba. Ya dai daina cin abinci, ya juya fuska ga bango, hannunsa na ta shafa tabarma. Da na ga ya fara ramewa na ce, "Yaya, a mayar masa. Ni zan zauna da shi."

"In wani abu ya faru fa?"

Duk da haka Yaya ya kawo su.

Daga nan naman abincin da nake sayarwa Baba ke yanka shi. Ba na kama masa hannu, ba na gyara masa. Yakan raba tsoka da ƙashi tsaf, ya ce mini in kai wa uwata, wadda ta daɗe da rasuwa. Sai in ce to.

Wata rana da hantsi na kwantar da jaririyar a inuwar zaure, na lulluɓe ta da farin zane, na juya ina hura wuta. Na ji washin ya tsaya. Ko da na waiwaya, Baba yana durƙushe a kanta, ya fuskanci gabas, babbar wuƙar a hannunsa na dama.

"Yarinya," ya ce, bai dube ni ba, "zo ki riƙe mini ƙafafun ragon nan."

Na san in na yi ihu ko na yi gudu zai firgita. Na tako a hankali, na durƙusa kusa da shi.

"Baba, wannan ba namu ba ne. Mai shi bai ba da izini ba tukuna."

Ya daɗe yana kallon zanen. Ƙaramar ƙafa ta motsa a ƙarƙashinsa.

"Ba a yi ciniki ba?"

"Ba a yi ba, Baba."

"To a jira shi. Ban taɓa yanka na wani ba." Ya miƙe ya koma wurin dutsensa.

Da yamma na gaya wa Yaya komai. Na zaci zai sa a kulle Baba a ɗaki. Sai ya ce wuƙaƙen su koma wurinsa, a riƙa fito da ƙaramar kawai, tare da nama, shi kuma yana zaune. Jaririyar ba ta ƙara sauka daga bayana ba sai a gidan maƙwabta.

Haka Baba ya ci gaba da aikinsa har damina ta faɗi. Wata safiya hannunsa ya ƙi riƙe ƙotar wuƙar. Ya miƙa wa Yaya ita, ya tambaye shi ko shi ɗan wane gida ne.