Yadda Na Ƙone Haɓata Saboda Bakin Mata

Ƙara ce 'yar ƙarama, ƙyal, irin ta ƙarfe in ya faɗa kan faranti. Ina zaune ƙofar ɗakina a unguwar PK8 ina tsintar shinkafa, sai ga hantsaki kwance a tsakiyar shinkafar. Na ɗaga kai na ga Hajiyar gidanmu tsaye a kaina tana murmushi. Ta ce tsaraba ce ta kawo mini, wai ta lura kamar ba ni da shi, kuma mace ba ta zama babu irinsa. Tana maganar tana shafa haɓarta. Matan da ke wanki a bakin famfo suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

A lokacin ban cika talatin ba. Ni 'yar Maraɗi ce, na yi kwaleji kafin a yi mini aure, aure ya kai ni zaman baƙunci wata ƙasa ta bakin teku, inda mijina ke direban kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗauko gumagumai daga daji zuwa tashar jirgin ruwa ta Owendo. 'Ya'yanmu biyu, mace da ta fara lakwal, wato makarantar boko, da namiji a goye. Irin matan nan ce ni da ko kaza za a yanka sai sun kau da kai, ban iya mayar da magana ba, daga kicin sai sallaya. Tun haihuwar fari wasu silalan gashi suka fito mini a haɓa, sajena ya ɗan sauko, ga na hannu da na ƙwauri. Ban taɓa ɗaukarsa matsala ba. Kakata ma tana da shi, in an taɓo ta ce alamar arziki ce, a yi dariya a wuce. Wanda addini ya ce a cire, na hammata da na mara, ban taɓa wasa da shi ba. Sauran kuwa na bar wa Wanda ya shuka shi. 'Yata ma ba ta barci sai ta kama silin haɓata tana murzawa.

Sai dai wanda bai yi zaman baƙunci ba ba zai gane nauyin Hajiya ba. Matar mai masaukinmu ce, ita ke riƙe adashi, ita ke raka mace likita, ita ke cewa wance za ta ɗora tukunyar suna wance za ta yi wanke-wanke. Tana kuma sayar da turare da mayukan Faransa. In ta yi miki dariya, gida ya yi. Daga ranar nan sunana ya koma Malam a bakin famfo. In na fito a ce a ba Malam hanya, wata ta ce a kawo masa buzu ya ja mu salla. Nakan yi murmushi in ɗebi ruwana, in na shiga ɗaki in zauna bayan ƙofa in yi kuka na ƙoshi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ta bayan langa-langar da ta raba gidanmu da na maƙwabta akwai wata 'yar ƙasar, mai sayar da rogo naɗe a ganye, wadda muke ɗan taɓa hira da Faransanci. Ita nata gashin haɓar har mai take shafa masa. Ga na ƙirji, ga na ƙafa a waje ba ta ko rufewa. Ta sha gaya mini cewa a wurinsu wannan shi ne kyau, wai mijinta saboda shi ya aure ta, akwai ma matan da ke neman maganin da zai fito musu da shi. Ranar da ta gan ni na tuge nawa tas, ta ajiye tirenta ta riƙe baki, ta tambaye ni wane maƙiyi ne ya yi mini wannan ɓarna. To ku ji fa. Haɓa ɗaya, a wannan gefen langa-langa abin dariya, a wancan gefen abin ado, ni mai ita kuwa babu wanda ya tambaya.

Na tuntuɓi maigidana ko abin yana damunsa. Ya ƙura mini ido kamar ranar ya fara ganina, ya ce wane gashi. Da na nuna masa ya ce ai shi ya ɗauka da shi aka kawo ni, ya ci gaba da cin tuwonsa. Na matsa masa ya tambayo malamin masallacin unguwa. Ya dawo ya ce malam ya ce in na cire babu laifi, in na bari ma babu zunubi, sannan ya yi mamakin yadda muka rasa abin tambaya. Ke nan ba miji ne ya sa ni ba, ba addini ba ne. Bakin famfo ne kawai.

Na fara da hantsakin. Madubinmu ƙarami ne kuma babu inda zan rataye shi da haske, don haka 'yata ce ke riƙe mini a bakin ƙofa, tana nuna mini wanda na tsallake. Tugewa ta kawo ƙuraje da baƙin tabo. Na koma reza, gashin ya dawo da kaushi kamar tsintsiyar kwakwa. Daga nan Hajiya ta fito mini da man cire gashi na Faransa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma yana aiki. Aka daina ce mini Malam. Har Hajiya ta ce ashe kyakkyawa ce ni, ta ba ni dakan yaji a wani suna. Kunya nake ji in faɗi irin daɗin da na ji a ranar.

Sai aka karya darajar sefa, kuɗin da muke kashewa. Aka wayi gari duk abin da jirgi ke kawowa ya ninka, madara, magani, har da man nawa. Na ɗan jure, ina rage kifin miya ina saye, har kayan Hajiyar suka daina zuwa gaba ɗaya. Ba mu gama farfaɗowa ba aka shiga kamen baƙi: duk wanda takardar zamansa ba ta kan ƙa'ida, ya gyara ko ya bar ƙasar. Ta maigidana lafiya lau, tawa ce ta mutu, kuɗin sabuntawa kuwa ya fi ƙarfinmu a lokacin. Jandarmomi suka kafa shinge a mararrabar PK8 suna sauke mutane daga ƙananan bas. Maigida ya ce ko ƙofar gida kada in leƙa. Mutane na ɗaure kaya, ana sayar da katifu da tukwane a wulaƙance, ni kuma, Allah ya yafe mini, damuwata ita ce surukar Hajiya ta haihu, suna ya matso, haɓata ta yi baƙi.

Wata amarya a gidan, wadda mijinta majemi ne yana gyaran fatu a bayan garejojin unguwar Oloumi, ita ta kawo shawarar. Ta ce abin da mijinta ke jiƙa fata da shi, gashin bijimi ma zubewa yake yi, balle ɗan nawa. Toka ce da farar ƙasar shafen gini da 'yar sodar sabulu. Wai in sa kaɗan, in sassauta shi da man kaɗanya, in na ji zafi to aiki yake yi. Ba mugunta ta yi mini ba, ita ma ji ta yi, ba ta taɓa gwadawa ba. Amma ni fa? Ni da na zauna a aji aka koya mini abin da soda ke yi wa fata? Har yau in na tuna sai in yi tsaki ni kaɗai. Fatar da majemi ke jiƙawa ai mai ita ya riga ya mutu.

Da hantsi ne, maigida ya tafi daji ɗaukar katako, ba a sa ran dawowarsa kusa. Na dama abin a gwangwanin tumatir, 'yata ta riƙe madubi, na shafe haɓa da gefen kumatu. Zafi ya fara, na ce alhamdu lillahi yana aiki. Yaron ya farka da kuka, na ɗauke shi na ba shi nono, hawaye na zuba mini ina cije leɓe. Yarinyar ce ta ce mini wurin ya yi fari kamar kitse. Na ruga randa na watsa ruwa, na sa hannu in goge, sai na ji abin ya biyo yatsuna. Gashin ya fita kam, amma tare da fatar ya fita.

Ba zan tsawaita kan kwanakin da suka biyo ba. Na shafa zuma, na shafa man goge baki, na shafa duk abin da aka ce. Wurin ya kumbura ya fara ruwa yana wari, zazzaɓi ya rufe ni, bakina ba ya buɗuwa sai da cokalin shayi. Alwala ta gagara, sujada kuwa in na sunkuya ji nake kamar haɓar za ta faɗo kan sallaya. Mata na shigowa sannu, kowace da nata maganin, amma babu mai cewa tashi in raka ki likita, don kowace tsoron shinge take. Ban ga laifinsu ba. Hajiya ma ta zo. Ta sa aka ɗage labule, ta sunkuyo kaina tana salati, tana cewa ni ma dai da garaje, wa ya ce in yi haka. Haske ya faɗa kan fuskarta, mayafinta ya zame. Sai ga haɓar Hajiya cike da tsiron gashi, har da farare. Na juya na dubi na bayanta, wannan da gashin baki, waccan da saje. Ashe duk gidan man nan ne ya rufa mana asiri. Da bakina na buɗuwa, ban san ko dariya zan yi ko ihu ba.

'Yata ce ta zagaya ta gaya wa mai rogo, don ita Faransancinta ya fi nawa gudu. Matar nan ta shigo ko sallama babu, ta dube ni sau ɗaya, ta hau ni da faɗa da Faransanci, da ya ƙare mata ta koma yarensu. Ta ce ko in tashi yanzu ko ta ɗauke ni a ka kamar buhun rogo. Na gaya mata takardata ta mutu, in aka kama ni jirgin ruwa za a sa ni, ga yara, ga ubansu a daji. Ta ce in na zauna ma barinsu zan yi, kuma tafiyar da ba a dawowa. Na damƙa wa amaryar majemi goyona, tana kuka tana roƙona gafara, muka shiga taksi.

A shinge aka tsayar da mu. Jandarma ya leƙo ya ce takarda. Ina ta Hasbunallahu a zuci. Maƙwabciyata ba ta yi wata-wata ba ta fizge mayafin da na rufe fuska da shi, ta tura haɓata saitin hancinsa, ta ce ga takardar nan ya karanta, in kuma yana so ya tafi da ni to ya shirya wanke wannan ciwon safe da yamma. Ya ja da baya yana toshe hanci, ya yi wa direba hannu mu wuce. Ni da nake ɓoye silin gashi kada mata su gani, ga ni an buɗe ruɓaɓɓiyar fuskata gaban ƙato a bakin titi. A likita kuma ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ta rage murya ta tambaye ni ko mijina ne ya watsa mini wani abu, wai kada in ji tsoron faɗa. Bawan Allah da sai da na nuna masa ma ya lura da gashin. Dole na buɗe baki na ce ni ce da hannuna.

An yi suna ina kwance, babu wanda ya nemi haɓar kowa. Ba a jima ba Hajiya da iyalinta suka bi jirgi daga Owendo, rabin gidan ya watse, masu ce mini Malam ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Maigida ya dawo ya gan ni da bandeji, ya zauna bakin gado ya tambaye ni wa na yi wa wannan kwalliyar. Tabon yana nan har yau, fari sol a tsakiyar haɓa, gashin kuma, don ya ƙara mini haushi, ya ci gaba da fitowa a kewayensa.

'Yan'uwana mata, ba cewa nake kowa ta bar nata ba. Wadda ke son cirewa don jin daɗin ranta ta cire, da abin da aka san na jikin mutum ne, ba haɗin ji-ta-ji-ta ba. Amma ki tsaya ki tambayi kanki wa kike yi wa. Masu dariyar nan kowace da abin da take rufewa da mayafi, kuma ran da abu ya ɓaci ba su ne za su ɗauki ciwon ba. Ke mai tsokana kuma ki ji tsoron Allah, kalmar da kika yar a bakin famfo wata da ita take kwana. Sannan ki duba wa ke riƙe miki madubi, don ni a nan na yi babbar asara, ba a fata ba.

Bayan an cire mini bandeji, wata rana ina yi wa 'yata kitso a ƙofar ɗaki, ta jawo ƙaramin madubin nan tana kallon kanta. Ta gaji sajen kakata, lallausa, kwance luf a gefen kunnenta. Na ga tana jan sa da yatsu biyu, daidai yadda nake yi da hantsaki. Ta ɗago ta dube ni ta cikin madubin, babu wasa a fuskarta, ta ce:

"Inna, ni yaushe za mu ƙone nawa? Amma ki bari sai Baba yana gida, don ya kai ni likita."